Juma'ar da aka sauke shugabannin bankuna biyar

Ranar Juma'a, 14 ga watan Agustan 2009, Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya tara 'yan jarida a Legas ya karanto sunayen bankuna biyar: Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union. Ya ce daga ranar ya sauke manajan daraktan kowannensu tare da manyan daraktocin da ke riƙe da ragamar aiki, ya naɗa waɗansu a madadinsu, kuma Babban Banki zai zuba naira biliyan 420 a cikin bankunan don kada su durƙushe. Watansa biyu da 'yan kwanaki ke nan a kan kujerar. Waɗanda ya sauke kuwa manyan gari ne. Akwai Erastus Akingbola na Intercontinental, da Cecilia Ibru ta Oceanic, da Sebastian Adigwe na Afribank, da Okey Nwosu na Finbank, da Bartholomew Ebong na Union. Mutane ne da hotunansu ba sa rabuwa da shafukan jaridu, ana ta ba su lambobin yabo gida da waje, ana kiransu gwarazan sabon tattalin arziki. Kafin wata ya ƙare, hukumar EFCC ta gurfanar da huɗu daga cikinsu a gaban kotu, na biyar ɗin kuma yana Landan.

Wanda zai fahimci wannan rana sai ya waiwaya baya, domin mutuwar banki daɗaɗɗen ciwo ne a ƙasar nan.

Ana ba da labarin cewa a wajajen 1929 Alhassan Ɗantata ya kai kuɗin azurfa, lodin raƙuma ashirin, ajiya a reshen bankin Turawa na Kano, wanda yau ake kira First Bank. Sana'ar banki ke nan tun asalinta: mutum ya ɗauki guminsa ya miƙa wa wanda bai haifa ba, ya koma gida da takarda. A wannan shekarar ce aka buɗe bankin 'yan ƙasa na farko a Legas, Industrial and Commercial Bank, wanda bai wuce 1930 ba ya rufe, kuɗin masu ajiya suka bi ruwa. A lokacin babu wata doka da ta ce ga abin da za ka mallaka kafin ka kira kanka banki. Sai a 1952 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar banki ta farko, wadda ta wajabta lasisi da mafi ƙarancin jari, kuma cikin 'yan shekaru mafi yawan ƙananan bankunan da suka tsiro a Legas da Ibadan suka mutu. A 1956 an kafa kwamitin bincike na Foster-Sutton a kan yadda aka zuba kuɗin gwamnatin Jihar Gabas a African Continental Bank, bankin da ke da alaƙa da Firimiya Nnamdi Azikiwe. Tun kafin a sami 'yanci, ke nan, an riga an ga cututtukan nan biyu da za su riƙa dawowa: mai banki ya ranta wa kansa kuɗin jama'a, sannan siyasa ta shiga tsakani ta kare shi. Babban Banki bai fara aiki ba sai 1 ga Yulin 1959.

Guguwa ta biyu ta taso ne bayan shirin SAP na 1986. An sassauta ba da lasisi, bankuna suka tashi daga kimanin 40 zuwa wajen 120 cikin 'yan shekaru. Da yawansu ba ajiya da rance suka sa gaba ba. Su sayi dala a farashin gwamnati, su zagaya su sayar a kasuwar bayan fage, ribar ke nan. An kafa hukumar inshorar ajiya, wato NDIC, a 1988, tana biyan mai ajiya har naira 50,000 idan bankinsa ya mutu. Da al'amari ya ƙazanta, gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa doka mai lamba 18 ta 1994, ta buɗe kotuna na musamman don bankunan da suka gaza. An kama manajoji da daraktoci da masu bashi da dama, an ƙwato kuɗi, mutane suka ji tsoro. Amma dokar soja ce, waɗansu sun shekara biyu ko uku a tsare ba a kammala shari'arsu ba, ana ta kukan zalunci. A watan Janairun 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya. Da mulkin farar hula ya ƙarato a 1999 aka rushe kotunan, aka mayar da shari'o'in kotunan da aka saba, da yawa daga cikinsu suka kwanta a can.

A ranar 6 ga Yulin 2004 sabon gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, ya ce kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, in ba haka ba ya rasa lasisi. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. Bankin Arewa, wanda dogon gininsa ke tsaye a Kano, ya narke cikin Unity Bank tare da waɗansu takwas. Manufar tana da kyau, kuma ta haifar da bankunan da suka iya fita waje suka buɗe rassa. Sai dai an faɗaɗa bankuna ba a faɗaɗa idon da ke kallonsu ba. A nan ɓarnar ta samo tushe.

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 2005 zuwa 2007 zai tuna zazzaɓin hannun jari. Ma'aikatan banki sanye da kwat suna bin shaguna a Kantin Kwari da Sabon Gari da fom a hannu, suna shiga ofisoshin gwamnati ranar albashi. Rediyo na talla, talabijin na talla. Malamin makaranta ya sayi hannun jari da kuɗin adashi, ɗan fansho ya zuba garatutinsa, wani ya sayar da fili. An ga wanda ya saya a naira 10 ya wayi gari tana 30, to wa zai zauna? A farkon watan Maris na 2008 darajar kasuwar hannayen jari ta Legas ta haura naira tiriliyan 12.

Abin da mai sayen bai sani ba shi ne, wani ɓangare na wannan tashin farashi da kuɗin ajiyarsa aka ƙirƙire shi. Ga yadda ake yi. A ce banki zai sayar da sababbin hannayen jari. Sai manya a cikinsa su yi wa waɗansu kamfanoni rajista, kamfanonin da ba su da ofis, ba su da ma'aikaci, sai suna a takarda. Bankin ya ranta wa kamfanonin kuɗi daga ajiyar jama'a. Kamfanonin su juya su sayi hannun jarin bankin da kuɗin, jinginar da za su ajiye kuma ita ce hannun jarin da suka saya. A takarda jarin banki ya ƙaru, an ce jama'a sun yi rububin saye, farashi ya tashi. A zahiri ko kwabo bai shigo daga waje ba. An ɗebo ruwa ne daga randa aka sake juye shi cikinta, aka ce an yi ɗiba. Idan farashi ya faɗi, jinginar ta zama takardar banza, bashin kuma babu mai biya.

A laccar da ya gabatar a bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Bayero a watan Fabrairun 2010, Sanusi ya zayyana abin da masu bincikensa suka gano. Ya ce kashi 30 cikin ɗari na jarin Intercontinental da kuɗin masu ajiya aka saye shi. Ya ce Afribank ya yi amfani da kuɗin masu ajiya ya sayi kashi 80 cikin ɗari na hannayen jarin da shi kansa ya fitar kasuwa. Ya ce shugabar Oceanic ta mallaki fiye da kashi 35 cikin ɗari na bankin ta hanyar irin waɗancan kamfanoni. Ya kuma ba da labarin wani banki da ya ci bashi ya sayi jiragen sama, daga baya aka gano da sunan ɗan shugaban bankin aka yi musu rajista.

Akwai wata dabarar kuma da ta daɗe tana rufe asiri. Bankuna ba rana ɗaya suke rufe lissafin shekara ba, wani a Maris, wani a Yuni, wani a Satumba. In ranar wannan ta zo sai ya aro kuɗi daga ɗan'uwansa ya cika littafinsa, a duba a ga ƙato ne, bayan kwana kaɗan ya mayar. Babban Banki ya san da wannan. Ya ba da umarnin kowa ya koma rufe lissafi a Disamba, da bankuna suka shiga kokawar neman ajiya kuɗin ruwa ya yi sama, sai ya janye umarnin a 2008. Sai a ƙarshen 2009 aka tabbatar da shi.

Sannan duniya ta girgiza. Bankin Lehman Brothers na Amurka ya rushe a Satumbar 2008. Gangar mai da ta kai dala 147 a watan Yuli ta faɗo ƙasa da dala 40 kafin shekara ta ƙare. Masu zuba jari na waje suka kwashe kuɗinsu, naira ta karye, kasuwar hannayen jari ta zubar da kusan kashi biyu cikin uku na darajarta a shekara guda. 'Yan kasuwar da suka ci bashi suka shigo da man fetur da tsada suka rasa yadda za su biya. Hukumomi suna ta faɗa wa jama'a cewa bankunanmu lafiya lau suke, guguwar ba za ta iso mu ba. A lokaci guda kuma, a watan Oktoban 2008, Babban Banki ya buɗe wata ƙofa ta musamman ta rance ga bankunan da kuɗi ya yanke musu. Waɗanda suka fi zarya a wannan ƙofa an san su. Littafin yana hannun Babban Banki.

Da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ɗauko Sanusi daga shugabancin First Bank a watan Yunin 2009, mutum ya ɗauko wanda ya yi shekaru yana aikin auna haɗarin ba da rance, ya san inda ake ɓoye ruɓaɓɓen bashi. Ya tarar ana bin bankuna sama da naira biliyan 250 a waccan ƙofa, kusan duka a wuyan bankuna biyar. Ya tura masu bincike na Babban Banki da na NDIC. Abin da suka dawo da shi: daga rancen naira tiriliyan 2.8 da bankunan biyar suka bayar, tiriliyan 1.14 ya maƙale, wato kusan kashi 41 cikin ɗari. Duka biyar ɗin jarinsu ya gaza abin da doka ta gindaya. Da wannan rahoto ya dogara, da kuma ikon da dokar bankuna ta 1991 ta ba gwamna, ya yi abin da ya yi ranar 14 ga Agusta. Ranar 2 ga Oktoba ya ƙara da Bank PHB da Spring Bank da Equitorial Trust, da wasu naira biliyan 200. Jimilla biliyan 620.

Kwanaki kaɗan bayan saukewar farko Babban Banki ya yi abin da ba a saba gani ba, ya buga sunayen manyan masu bashi a jaridu. Jama'a suka ga attajirai da 'yan siyasa da kamfanonin da ake jin sunansu kullum, kowanne da biliyoyin da ake binsa. Shugabar EFCC, Farida Waziri, ta koma Legas da tawagarta, ta ba su wa'adi su biya ko a kama su. Waɗansu suka biya wani abu, waɗansu suka ce lissafin ba daidai ba ne, kuma lallai an sami kurakurai a jerin.

Suka ta taso ta ko'ina. Mafi ƙarar ita ce wai ajandar Arewa ce, ɗan sarautar Kano ya zo ƙwace bankunan 'yan Kudu. Masu wannan magana suna nuna wani labari da jaridar Vanguard ta buga tun a watan Maris, kafin a naɗa Sanusi, cewa waɗansu na shirin mamaye bankuna biyar. Lokaci ya amsa wannan zargi. Access ne ya sayi Intercontinental, Ecobank mai hedikwata a Lome ya sayi Oceanic, FCMB ya ɗauki Finbank, Sterling ya haɗiye Equitorial Trust. Babu na Arewa ko ɗaya a cikinsu. Amma akwai sukar da ke da nauyi, kuma bai kamata ƙaunar mutum ta sa a tsallake ta ba. Waɗanda aka sauke sun yi kukan ba a ba su rahoton binciken sun kare kansu ba kafin a yanke hukunci. An bincika bankuna goma da farko aka hukunta biyar, sauran suka sami makonni suna gyara littattafansu. 'Yan majalisa sun tambayi inda gwamna ya samo ikon fitar da biliyan 620 ba tare da kasafi ba, Babban Banki ya ce rance ne, ba kyauta ba. Bankunan da suka tsira kuma suka ɗaure bakin jaka, ɗan kasuwa mai gaskiya ya nemi rance ya rasa.

Duk da haka, a ganina, aikin ranar ya zama dole, kuma an yi shi da ƙarfin hali. Bankunan nan suna riƙe da kaso babba na ajiyar ƙasar. Da an bar ɗaya ya rufe ƙofa ranar Litinin, da layin masu cire kuɗi ya kai ga lafiyayyun ma. Ba mai ajiya ko ɗaya da ya rasa kuɗinsa a bankunan takwas, wanda ya ga 1998 ya san girman wannan. An kuma kafa ƙa'idojin da suka rage ɓarna: shugaban banki ba zai wuce shekara goma ba, abin da ya sa Jim Ovia na Zenith da Tony Elumelu na UBA suka sauka a 2010, an raba aikin banki da dillancin hannun jari da inshora, an tilasta sauya kamfanin binciken lissafi bayan shekara goma.

Sauke mutum daga kujera aikin yini ɗaya ne. Da aka zo wajen hisabi sai tafiya ta yi nauyi.

Cecilia Ibru ce ta fara. Ranar 8 ga Oktoban 2010, a Babbar Kotun Tarayya ta Legas, gaban Mai Shari'a Dan Abutu, ta amsa laifi uku daga cikin 25 bisa yarjejeniya da masu gabatar da ƙara. An yanke mata wata shida a kan kowanne, su tafi tare, ta kuma sallama dukiyar da aka ƙiyasta a kan naira biliyan 191: gidaje da filaye a Legas da Abuja da Dubai da Amurka, da hannayen jari a kamfanoni masu yawa. Saboda rashin lafiya, a asibiti ta yi zaman. Mutane suka yi ta kwatanta wata shidan da shekarun da ɓarawon waya ke yi a kurkuku yana jiran shari'a, kuma suna da gaskiya. Abin baƙin ciki shi ne, idan aka dubi abin da ya biyo baya, wannan ce shari'ar da ta fi kowacce sauri, ta kuma fi dawo da dukiya.

Akingbola ya dawo daga Landan a watan Agustan 2010, ya musanta duk tuhumar. A Afrilun 2012 Mai Shari'a Charles Archibong ya kori ƙarar, yana zargin lauyoyin gwamnati da sakaci. Kafin wata huɗu ya cika wata kotu a Landan, a ƙarar da Access ya gada daga Intercontinental, ta umarce shi ya biya kimanin fam miliyan 654. Al'amari ɗaya, takardu kusan iri ɗaya, alƙalin Ingila ya saurara ya yanke, a gida kuwa ko shaidu ba a gama ji ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin Archibong, Kotun Ƙoli ta ce a 2018 a koma a yi shari'ar, aka sake gurfanar da shi a 2019 a kan naira biliyan 179. Alƙaliyar da ke ji ta yi ritaya, aka koma farko gaban wani alƙalin. Shekara goma ta wuce ana jayayya a kan wace kotu ce ke da hurumi, ta jiha ko ta tarayya, ana hawa ana sauka tsakanin Ikeja da Abuja. Wanda ke da kuɗin ɗaukar manyan lauyoyi yana iya sayen lokaci, lokaci kuma yana cinye shaidu, wani ya mutu, wani ya bar ƙasa, wani ya manta.

Mai Shari'a Lateefa Okunnu ta Babbar Kotun Legas ta nuna ana iya kaiwa ƙarshe. A Janairun 2021 ta ɗaure Okey Nwosu shekara uku. A watan Yunin shekarar ta sami Francis Atuche na Bank PHB da laifi a kan naira biliyan 25.7, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da laifin a 2024, shekara goma sha biyar bayan sauke shi.

Su wa suka biya kuɗin gyaran? Na farko ƙananan masu hannun jari. Ranar 5 ga Agustan 2011 aka soke lasisin Afribank da Bank PHB da Spring, aka mayar da su Mainstreet da Keystone da Enterprise. Wanda ke riƙe da takardar hannun jarinsu ya tashi da takarda kawai. A ƙa'idar kasuwa haka abin yake, mai hannun jari shi ke cin riba, shi ke ɗaukar asara. Amma malamin makarantar nan bai zauna a taron daraktoci ba, lissafin da aka nuna masa kuma odita ya sa masa hannu, hukuma ta amince da shi. Na biyu ma'aikata, dubbai aka sallama. Na uku mu duka. A watan Yulin 2010 aka kafa AMCON don ta saye ruɓaɓɓen bashi daga bankuna, ta bi masu shi. Ta saya, ta kuma zuba naira biliyan 679 a bankunan nan uku. An tsara za ta gama aikinta cikin kimanin shekara goma. Da shekara goman ta cika, shugabanta Ahmed Kuru yana ta kukan ana bin mutane wajen naira tiriliyan 5, kaso mafi tsoka a wuyan 'yan ɗaruruwan mutane, waɗansunsu suna yawo a jiragensu, waɗansu ma suna riƙe da muƙamai. Bankuna na biyan harajin AMCON duk shekara, su kuma ba daga aljihun daraktoci suke fitar da shi ba, daga abokan hulɗa suke tatsa.

Sai kuma ɓangaren da aka fi yin shiru a kansa, wanda ni a wurina shi ne zuciyar labarin. Bankunan nan ba a daji suke ba. Akwai sashen sa ido a Babban Banki, akwai masu bincike na NDIC, akwai hukumar kula da kasuwar hannayen jari, akwai manyan kamfanonin odita da ke sa hannu a lissafi duk shekara. A 2009 ma an tura jami'an Babban Banki su zauna a cikin bankunan. Rancen tiriliyan guda ba ya ruɓewa a dare ɗaya. Sanusi da bakinsa, a laccar Bayero, ya lissafa raunin sa ido da raunin shugabanci a cikin Babban Banki a jerin dalilan rikicin. Amma shari'o'in da aka shigar, a kan shugabannin bankuna da daraktoci da masu bashi suka tsaya. Wanda aka ba albashi don ya gani, ya gani ya yi shiru ko bai duba ba sam, an sauya masa tebur ne ko ya yi ritaya da mutuncinsa. Ba a kafa wani kwamitin bincike a bainar jama'a da zai kira tsofaffin jami'ai ya tambaye su me suka sani, yaushe suka sani ba.

Sau biyu aka taɓa gwamnan Babban Banki tun daga lokacin, kuma duka biyun siyasa ce ta buɗe ƙofar. Ranar 20 ga Fabrairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da Sanusi yana wajen taro a Yamai, bisa zargin almubazzaranci da kuɗin bankin. Hakan ya zo ne bayan ya tsaya gaban majalisar dattawa ya ce dala biliyan 20 na kuɗin mai ba su shiga asusun tarayya ba. Godwin Emefiele kuwa ya shekara tara yana abin da ya ga dama. A zamaninsa bashin da gwamnati ta ci kai tsaye daga Babban Banki ya haura naira tiriliyan 22, ninkin-ba-ninkin abin da doka ta yarda. A 2022 aka saya masa fom ɗin takarar shugaban ƙasa yana kan kujera. Canjin kuɗin da ya jefa mutane cikin wahala a farkon 2023 kowa ya ɗanɗana. Majalisa tana nan duk tsawon lokacin, hukumar daraktocin bankin ma tana nan. Sai da gwamnati ta sauya aka dakatar da shi, ranar 9 ga Yunin 2023, aka kai shi kotu, inda ya musanta tuhumar da ake masa. Hisabin da ke jiran sai mai gida ya fusata ko ya sauka, tsoron shugaban ƙasa kaɗai yake koya wa gwamna.

Bankunan da aka ceto ma ba su bar ba da labari ba. Skye Bank ya sayi Mainstreet a 2014, a lokacin da shi kansa ba shi da ƙarfin ɗaukar wannan kaya, hukuma kuma ta amince da cinikin. A Yulin 2016 Babban Banki ya sauya shugabanninsa, a Satumbar 2018 ya soke lasisinsa, aka kira shi Polaris, AMCON ta zuba naira biliyan 786. A 2022 aka sayar da shi naira biliyan 50, da alkawarin a biya sama da tiriliyan 1.3 cikin shekara 25. A Janairun 2024 sabon gwamna, Olayemi Cardoso, ya rushe hukumomin daraktocin Polaris da Keystone da Union. Heritage, wanda ya sayi Enterprise a 2014, ya daɗe yana tangaɗi kowa na gani, har aka soke lasisinsa ranar 3 ga Yunin 2024. Wannan karon ba a ceci kowa ba. NDIC ta biya masu ajiya har naira miliyan 5, wanda kuɗinsa ya haura haka aka ce ya jira a sayar da kadarori. Kason farko da aka raba musu a 2025 bai kai kwabo 10 a kan kowace naira ba.

Masu ajiyar Heritage suna da haƙƙin sanin ranar da masu bincike suka fara rubuta cewa bankin ba shi da lafiya, da teburin da rahoton ya kwanta, da wanda ya ce a ƙara masa lokaci. Wannan aikin Majalisar Dokoki ta Ƙasa ne. Ta gyara dokar bankuna ta 2020, ta wajabta cewa duk bankin da aka soke lasisinsa ko aka ceto da kuɗin jama'a, a kafa bincike mai zaman kansa a kan Babban Banki da NDIC da odita, a buga rahoton kowa ya karanta, a kuma sa wa shari'ar laifin banki wa'adin da ba za ta wuce ba. Sanatocinmu da wakilanmu da ke zaune a kwamitocin harkokin banki su fara da Heritage.